Daga Legas Zuwa Ƙauyen Jigawa: Matakan Mayar da Iyali Gida

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, maganar komawa gida ta yawaita a bakin 'yan Arewa mazauna Legas. Ana jin ta a Agege, ana jin ta a Mile 12 da Idi-Araba da Alaba Rago. Kuɗin haya ya tashi, kuɗin mota ya tashi, na makarantar yara kuwa ba a magana. Magidanci yakan zauna da dare ya yi lissafi, ya tuna yana da gonar gado a garinsu, ya ce gara ya tattara ya koma.

Ina ganin wannan shawara ce mai kyau ga mutane da yawa, kuma ina so wanda ya yanke ta ya ji daɗinta. Sai dai ƙauye ba ya ciyar da mutum sai ya yi damina guda a cikinsa. Wanda ya sauka yau, ko gonarsa ta kai girman me, sai kaka mai zuwa zai ci abin da ya noma. Don haka ƙaurar nan aikin shekara ne cur, kuma damina da kaka da rani su za su tsara maka shi, ba ranar da kuɗin hayarka zai ƙare ba.

Na ɗauki Jigawa a matsayin misali. Jiha ce da aka cire daga Kano a 1991, tana da ƙananan hukumomi 27 da masarautu biyar: Dutse, Haɗeja, Gumel, Kazaure da Ringim, kuma yawancin mutanenta a karkara suke. Mai shirin komawa Katsina ko Bauchi ko Yobe zai iya bin matakan nan, sunayen wurare kawai zai sauya.

Mataki na farko: zauna da uwargida kafin kowa

Kai kana ganin gida za ka koma. Ita kuwa, in a Legas aka haife ta ko ta yi shekaru a can, barin gida za ta yi. Ita za ta bar maƙwabtanta da abokan adashinta da masu sayen abin sana'arta. Ita za ta wayi gari a gidan surukai, inda kowa ke kallon yadda take girki da yadda take gaisuwa. Kai za ka fita majalisa da masallaci ka yi sababbin abokai cikin mako guda, ita tana cikin gida.

To kada ka kawo mata maganar a matsayin hukunci. Ku zauna ku yi tambayoyin da ba a son yi. A gidan gandu za a zauna tare da 'yan uwa, ko za a keɓe muku sashe mai ƙofarsa da ban-ɗakinsa? Tukunya ɗaya za a yi da matan yayyenka, ko kowa tasa? Wace sana'a za ta ci gaba da ita a can? In mata biyu gare ka, kowace a ji ta bakinta ita kaɗai. Ra'ayina shi ne kada a sauke iyali sai an tanadi sashensu daban, ko da ɗaki biyu ne da zagaye. Yawan rikicin da ke mayar da mutane birni a tsakar gida yake farawa, ba a gona ba.

Yaran da suka yi wayo ma a gaya musu da wuri. Wanda ya tashi da Yarabanci da Turancin titi a bakinsa zai sha tsokana a kan Hausarsa, gara ya san da haka tun kafin ya je.

Mataki na biyu: je ka gani sau biyu, ba lokacin sallah ba

Garin da kake gani in ka je sallah ba shi ne garin da za ka zauna ba. Ranar sallah kowa ya dawo, an yi yanka, an tayar da janareta saboda baƙi. Garin gaskiya ana ganin sa a watan Agusta da watan Afrilu, kuma ya kamata ka kwana aƙalla mako guda kowane zuwa.

Agusta za ta nuna maka ruwa. Kogin Haɗeja yana ɗauko ruwa daga ƙasar Kano, inda madatsun Tiga da Challawa suke, ya ratsa Ringim da Taura da Miga da Auyo ya wuce Haɗeja zuwa Kirikasamma da Guri. Ciyawar kacalla ta toshe magudanai da yawa a wannan yanki, shi ya sa in ruwa ya yi yawa yakan bar hanyarsa ya shiga gonaki da gidaje. Ambaliyar 2022 ta yi mummunar ɓarna a Jigawa, kuma ba wanda ya manta da ita. Ka nemi dattijo ya kai ka da ƙafa ya nuna maka inda ruwa ya tsaya a shekarar. In filin da kake son ginawa yana ƙasa da wurin, ka bar shi ko da kyauta aka ba ka. Ka lura da hanyar da ta haɗa garin da kwalta. Mota tana shiga bayan ruwan kwana biyu, ko sai babur? Ko kuwa sai an hau kwalekwale?

Afrilu za ta nuna maka rashin ruwa. Rijiyar da ke cike a damina, shin tana kaiwa bazara? Tuƙa-tuƙa nawa ne ke aiki a garin, kuma in ya lalace wa ke gyara shi? Nawa 'yan garuwa ke sayar da jarka a tsakiyar zafi? Ka ɗanɗana ruwan da kanka, ka wanke tufa da shi, domin akwai wuraren da ruwansu ke da zartsi. Ka kwana a ɗakin kwano a wannan wata ba fanka, sannan ka yanke shawarar irin rufin da za ka yi.

A waɗannan zuwa biyu za ka auna sauran abubuwa. Ka tafi da layin waya fiye da ɗaya, ka gwada MTN da Airtel da Glo a cikin ɗakin da za ku kwana, ba a bakin titi ba. Ka tambayi rabon garin da wutar KEDCO. Ka hau abin hawa daga ƙofar gida zuwa asibitin da ake iya yi wa mace tiyata a ƙara mata jini, ka duba agogo. Asibitin sha-ka-tafi na gari yana da amfani, amma naƙudar da ta zo da gardama da ƙarfe biyu na dare ta fi ƙarfinsa. Akwai babban asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta daɗe tana aikin haihuwa da na yoyon fitsari, akwai asibitin tarayya a Birnin Kudu, da asibitin Rasheed Shekoni a Dutse. Ka san wanda ya fi kusa da kai, ka kuma san mai motar da zai amsa waya cikin dare.

Sai batun tsaro. Jigawa tana cikin jihohin da suka fi samun sauƙi in aka kwatanta da Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato, amma sunan jiha ba ya isa hujja, garin da kansa za a bincika. Kada ka tambayi mutane ko lafiya lau ake, domin kowa zai ce maka lafiya lau. Ka tambaya ko ana noma gonakin nesa da gari, ko shanu na kwana a waje, ko akwai masu barin gidajensu su kwana wani wuri, ko an taɓa ɗora wa garin harajin 'yan bindiga. Mutumin da ya dawo daga Legas ana yi masa kallon mai kuɗi ko ba shi da ko sisi, wannan kuwa yana da nasa hatsarin. In amsoshin ba su kwanta maka ba, ka sauke iyali a hedikwatar ƙaramar hukuma ka riƙa zuwa gona daga can. Ba abin kunya ba ne.

Mataki na uku: gona da fili, a rubuce

Nan ne zumunci ya fi lalacewa, don haka a tafi a hankali.

In gonar gado kake dogaro da ita, tambayar farko ita ce ko an raba gadon. Sau da yawa ba a raba ba. Mahaifi ya rasu shekaru ashirin da suka wuce, yayanka ko ƙanenka da ya zauna a gida shi yake noma ta, shi ya zuba mata taki, da ita ya aurar da 'ya'yansa. Hakkinka yana nan, shari'a ba ta soke shi don ka yi nisa ba. Amma ranar da ka zo ka ce a ba ka kasonka, abincin wani gida ne zai ragu. Ka fara maganar shekara guda kafin ka buƙaci gonar, bayan an girbe, ba bayan an yi sharar gona ba. Ka ce, "Yaya, ina son dawowa gida, yaya kake ganin za mu yi da gona?" Ka bar shi ya fara magana. In za a raba, a kira malamin da ya san rabon gado ko a je gaban alƙali, kuma a fitar da kason mata. 'Yan uwa mata da ke gidajen aure sukan yi kawaici su yi shiru, amma shirunsu bai zama kyauta ba, 'ya'yansu kuma za su iya tayar da maganar bayan ransu.

In saye za ka yi, kada ka tsaya a bakin dillali. Ka bi ta hannun mai unguwa da dagaci, a kira masu gonakin da ke maƙwabtaka ta kowace kusurwa su tsaya a kan iyaka ranar ciniki. Ka tabbata mai sayarwa shi kaɗai ya mallaka, in kuma gado ne, duk magada su sa hannu, domin a fiƙihun Malikiyya abokin tarayya a dukiyar da ba a raba ba yana da hakkin shufa'a, wato ya biya ka kuɗinka ya karɓe kason da ka saya. Ka tambaya ko gonar tana hannun wani a jingina. Ka tambaya ko ta ci burtali ko makiyaya ko hanyar mashaya. Gonar da ta shiga burtali araha gare ta, kuma kowace kaka sai ta jawo faɗa da makiyaya.

Sannan a rubuta, da shaidu, da hatimin dagaci da na hakimi. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da takardar mallaka ta gargajiya a filayen da ke wajen birane, don haka ka kai takardar cinikinka sakatariya a yi maka tata. Ka ɗauki hoton kowace takarda a waya, ka ajiye kwafi guda a wani gidan daban, saboda gara da gobara.

Ga wanda bai taɓa riƙe fartanya da kansa ba tun yana yaro, shawarata ya fara da aro ko haya a shekarar farko. Bayan damina guda zai san gonar da ke riƙe ruwa da wadda ƙuduji ya cinye, zai kuma san farashin gaskiya, ba wanda ake gaya wa baƙo ba.

Ginin gida kuwa a yi shi da rani a gama kafin ruwa ya sauka. In na ƙasa ne, a ɗaga harsashinsa da bulo da siminti, a yi yaɓe mai kyau. Masai ya yi nisa da rijiya. Kafin ka sayi kujerun falo, ka sayi farantin sola da batirin da za su ɗauki fitila da fanka da cajin waya.

Mataki na huɗu: abin da za a ci kafin a girbe

Ka lissafa watannin da ke tsakanin ranar saukarku da kaka. In kun sauka a Disamba, wata goma ne kafin sabon gero ya shiga rumbu. Duk waɗannan watanni daga aljihu za a ci.

Hatsi ya fi araha da kaka, ya fi tsada a tsakiyar damina. Don haka ka aika kuɗi a yi maka awo a Oktoba ko Nuwamba tun kana Legas. Lissafin ba shi da wuya. A yawancin kasuwanninmu buhu kwano 40 ne, gidan da ke cin kwano guda a rana kenan yana buƙatar kusan buhu tara a shekara. Ka ƙara wani abu a kai, domin a ƙauye ba a cin abinci a rufe ƙofa, kuma wanda ya dawo daga birni baƙinsa sun fi na kowa yawa. Wake a zuba shi a buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ke hana iska shiga ya kashe ƙwari ba tare da magani ba. In an sa ƙwayar maganin ƙwari a hatsi, kada a ajiye shi a ɗakin da ake kwana ko wanda ya haɗa bango da shi. Hayaƙin wannan ƙwaya yana kashe mutum.

Abu na biyu, kada ka yanke igiyar samunka ta birni. In shago gare ka ko rumfa a kasuwa, ka bar amintacce a kai, ku yi yarjejeniya a rubuce. Mafi kyau ma ka mayar da sanin Legas jari. Jigawa tana fitar da riɗi da zoɓo da shinkafa da dabbobi. Kasuwar Maigatari, a kan iyaka da Nijar, tana ci ranar Alhamis, Gujungu ranar Lahadi, Shuwarin ranar Litinin. Mutumin da ya san masu saye a Mile 12 ko Alaba Rago, yanzu kuma yana zaune kusa da waɗannan kasuwanni, yana da abin da manomin garin ba shi da shi.

Kuɗin taki da iri da huɗa da ƙwadago a ware su daban, kada a taɓa. Wani kason kuma a ajiye don asibiti. Ka riƙe tsabar kuɗi kaɗan a gida, domin banki na iya zama tafiyar awa guda, mai POS kuma kuɗinsa kan ƙare ranar kasuwa.

Mataki na biyar: takardun yara

Ka karɓi takardar canjin makaranta da sakamakon duk zangunan da yaro ya yi tun kafin ka bar gari, domin bin su daga nesa wahala ce. Ka ziyarci makarantar da za su shiga a ranar karatu, ka leƙa aji ka ga ko malami na ciki. Yaron da ke aji uku na ƙaramar sakandare ko aji uku na babba, a bar shi wurin ɗan uwa ya gama jarrabawarsa. Rajistar WAEC da NECO tana tafiya da makin da makarantarsa ta tara masa, cire shi a tsakiyar shekara na iya ja masa asarar shekara guda. 'Ya mace mai ƙoƙari a karatu a yi maganar makomarta tun yanzu tsakaninka da mahaifiyarta, kafin 'yan uwa su fara kawo maganar aure. Jihar tana da jami'ar tarayya a Dutse da ta jiha a Kafin Hausa, hanyar karatu ba ta toshe don an koma ƙauye ba.

Katin riga-kafi, katin awon ciki, takardun haihuwa da lambar NIN ta kowa, duk a jaka ɗaya da za ta zauna a cinyar uwargida ranar tafiya. Mai ciwon suga ko hawan jini ko sikila ya tafi da maganin wata uku da takarda daga likitansa. A sayi gidan sauro ga kowane gado. Da damina ma'aikatan lafiya kan bi gida-gida suna bai wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro wata-wata, a tabbata an rubuta sunan yaranka. Da bazara kuma sanƙarau ake tsoro, saboda haka kada a cunkushe yara a ɗaki mara taga.

Mataki na shida: ranar tashi

Ni Disamba nake zaɓa. An gama zangon farko na makaranta, hanyoyi sun bushe, hatsi na da araha, sauro ya ragu, kuma kana da wata biyar ko shida ka san gari kafin ruwan shuka. Babban hutun Agusta yana ruɗin mutane saboda ya dace da sabuwar shekarar karatu, amma shi ne lokacin da hanya ta fi lalacewa, abinci ya fi tsada, zazzaɓi ya fi yawa, kowa kuma yana gona ba mai lokacin taya ka sauke kaya. Sai dai a tanadi bargo da rigunan sanyi, domin yaron da ya tashi a Legas bai san hunturun Gumel ba.

Kaya a rage su. Keken ɗinki, injin markaɗe, tukunyar gas da kayan sana'a su tafi. Katakon da kuɗin ɗaukarsa ya kusa kuɗin sabo a sayar da shi. Manyan motocin da ke kawo shanu da albasa da tumatir Kudu sukan nemi lodin komawa, kuma sun fi sauƙin farashi. Ka bi ta ofishin ƙungiyar direbobi a tasha, a rubuta kayan ɗaya bayan ɗaya, ka karɓi lambar mota da ta direba, ka biya rabi, sauran sai kaya sun sauka. Kaya kawai za su hau tirela. Kada ka ɗora matarka da 'ya'yanka a kan lodi don ragin kuɗin mota, rayukan da aka rasa ta wannan hanya sun yi yawa.

Tafiyar ta haura kilomita dubu. A raba ta biyu, a yi ta da rana, a kwana a hanya wurin ɗan uwa. Daga Kano, mai zuwa ɓangaren Dutse zai bi ta Wudil, mai zuwa Ringim da Haɗeja ya bi ta Gezawa. Kaya su riga iyali isa da kwana biyu ko uku, yadda za su tarar da shimfiɗa da ruwa a randa.

Mataki na bakwai: watannin farko

Ko garin ubanka ne, ka shiga da ladabin baƙo. Washegarin sauka ka sa wani dattijon gidanku ya raka ka wurin mai unguwa da dagaci da liman, da ɗan goro ko tsaraba. Ka cire takalmi, ka durƙusa, ka ce, "Ranka ya daɗe, na dawo gida da iyalina, ina neman a riƙe mu." Uwargida ma wata babba a gidan ta zaga da ita gidajen maƙwabta. Jana'iza da suna da ɗaurin aure da gayya, kada a neme ka a rasa. Ka rage cewa "a Legas ba haka ake yi ba." Ka kuma tsayar wa kanka iyakar abin da za ka iya bayarwa na taimako da rance tun makon farko, domin yadda ka fara haka za a saba da kai, kuɗin taki kuma ba ya dawowa in ya fita.

Da rani ka kai takin gargajiya gona, ka kama mai shanun huɗa tun kafin layi ya yi tsawo. Shekarar farko ka noma abin da idonka zai iya kaiwa kullum, gero da wake da ɗan riɗi ko gyaɗa, ka bi shawarar maƙwabcin gonarka a kan ruwan da za a yi shuka da shi, domin ruwan farko yakan ɗauke ya bar iri ya ƙone. Ka rubuta duk abin da ka kashe a littafi. In kaka ta yi, ka auna abin da ka samu, ka fitar da zakka in ya kai nisabi, ka ware na ci da na iri, sannan ku sake zama da uwargida da littafin a gabanku ku duba ko lokacin sakin shagon Legas ya yi, ko a ƙara masa shekara.